Sanda da Babban Kifi

Sanda Bakabe ne, ni Bakatsine, don haka tun ranar da muka haɗu a siton kaya na Wendover a Amurka muke tsokanar juna. Ni in ce masa ƙarni, shi ya ce mini ɗan tudu mai tsoron kwata.

A Argungu ya tashi, inda ake auna namiji da girman kifinsa, kuma Amurka ba ta raba shi da wannan ba. Ya kama gida a McLeansville don kawai akwai fili a baya da zai yi banda. Da zarar ya samu hutu sai bakin teku. Ƙananan kifi yakan mayar da su ruwa.

"Yahya, wannan ai abin kunya ne," in ji shi. "Da wane ido zan kai wa Ilham?"

Ilham 'yarsa ce tilo. Da ta samu ciki, kifi mafi girma nata ne, kullum farfesu, wai jikansa ya zo da ƙarfi.

A can bakin tekun ya san wata mata daga wata jami'a, mai cire gashin tsuntsayen teku tana kaiwa awo. Zaiba take nema, gubar nan da ke taruwa a jikin kifi, tsuntsu ya ci ya kwasa. Mafi girman kifi shi ya fi tara ta, kuma hayaƙi ba ya kashe ta. Ni ma daga baya na sani. Ita ta sani tun farko. Shekaru Sanda yana riƙe mata tsuntsaye, yana ɗaukar mata kaya kyauta. A gabana ya miƙa mata banda, ta yi murmushi ta ce ba ta cin irin wannan. Shi ke nan. Ba ta ce kai ma ka daina ba. Tsuntsu an sa masa zobe a ƙafa ana bibiyarsa, mutumin da ya riƙe tsuntsun ko tambaya bai samu ba.

Hannunsa ya fara rawa, ƙafafunsa suka mutu. Muka ce tsufa ne. Sai da wata nas ta tambayi Ilham abin da take ci, aka auna jininta, aka auna nasa, aka samu zaiba a jikinsu. Ya kira matar jami'ar, ta ce ai sakamakon yana intanet. Intanet! Sanda da ko saƙon waya ni nake karanta masa.

Ranar ya kwashe kifin da ke firizarsa kaf ya binne. Ya zauna bakin ramin yana cewa, "Da hannuna, Yahya. Ni na dinga zuba mata."

Ya faɗo daga tsani a wurin aiki kafin Ilham ta haihu. Allah ya jiƙanka, abokina.

Ranar suna, da aka yi wa jaririn, Muzammil, aski, na roƙi Ilham ta ba ni gashin.

"Baba Yahya, me za ka yi da shi?"

Na ƙulle shi a leda, na tuƙa har ofishin matar nan. Ta fara yi mini ta'aziyya, na tare ta.

"Riƙe gaisuwarki. Ga na jikan Sanda. Ki auna, ki faɗa mini da bakinki."

Ta karɓa. Ban tashi daga kujerar ba sai da ta sa mini ranar karɓar sakamako.