Masu Rami a Gindin Dutse

Bayan garinmu, ta wajen Buza, akwai wani dutse mai baki kamar rumfa. Ruwan sama ba ya taɓa gindinsa, shi ya sa ƙasar wurin ta yi laushi kamar gari. Nan muke fakewa da awaki in rana ta take, ni da ƙanena, wanda Baba ya ɗauko daga Keita yana jinjiri bayan rasuwar uwarsa. Watanni ne tsakaninmu. Ya san asalinsa, amma a gidanmu ba a faɗi.

Ƙasar cike take da ƙananan ramuka masu siffar mazurari. Mukan jefa tururuwa mu ga yadda ake fizge ta ciki. Mu dai kurkuɗu muke ce wa mai ramin. Ƙanena ne ya lura iri biyu ne: wani gajere mai ƙahoni a baki, yana tafiya da baya, wani siriri kamar tsutsa, ba ƙafa. Na ce ai su wa da ƙane ne, tunda gininsu ɗaya, abincinsu ɗaya. Maganar ta yi masa daɗi.

Muka zuba su da ƙasarsu a gwangwanaye biyu, muka ɗaure bakin da tsumma, muka ajiye ƙarƙashin rumbu muna kai musu tururuwa. Da damina ta matso, mai ƙahoni ya fito da fukafukai huɗu, tsutsar kuwa ta zama siririn ƙuda mai fukafukai biyu.

Gwaggo, ƙanwar Baba, tana sussuka a tsakar gida. Ta leƙa, ta yi dariya.

"To ga shi nan. Zama gida guda ba shi sa a zama dangi. Ko ba haka ba, ɗan Keita?"

Ƙanena ya ajiye gwangwanin. Da aka sauke tuwo bai sa hannu a ƙwaryarmu ba, ya naɗe tabarmarsa ya kai zaure.

Inna ba mai yawan magana ba ce, amma ranar ta ɗaga murya yadda na zaure zai ji.

"Gwaggon yara, ƙwaron ga wa ya ba shi nono? Wanga ni na shayar da shi, har cizona ya yi da haƙoransa na fari. Tambayi liman in akwai aure tsakaninsa da ɗiyata, yayarsu."

"Wasa nika yi."

"To an gama. Kai, ɗauko tabarmarka, tuwo na hucewa."

Ya shigo yana sharar ido, ya ture ni ya zauna.

Kwanan baya jikana da ke makarantar sakandare ta lise ya ce masana sun daɗe suna ajiye wannan ƙuda cikin dangin da ba nasa ba, kafin su ware masa gidansa. Na sa ya maimaita sunan da suka ba shi, na gwada shi da ajami, harufan suka ƙi zama. Allah ya san abin da ya halitta.

Ƙanena ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Da liman ya tambayi wane ne mafi kusa da zai yi masa wanka, ba wanda ya waiwaya neman kowa. Ni aka miƙa wa buta.