Ɗingishin da ke cikin fiyanon Kawu Tamba

Na daɗe ina shakkar ko abin da Kawu Tamba ke yi da fiyanonsa ya isa a kira shi kiɗa. Shekara shida na yi ina karatu a Malesiya, na shiga ɗakunan haɗa waƙa masu sanyi kamar cikin firji. Da na dawo Birnin Kebbi na tarar da shi a gidansa na Gwadangaji yana danna wani tsohon fiyano mai matattun maɓallai uku, raini ne ya fara zuwa mini. Har yau rainin bai fita ba, wurin zama kawai ya sauya.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, sana'arsa gyaran injin ban-ruwa. Duk manomin shinkafar da injinsa ya taɓa mutuwa a tsakiyar rani ya san ƙofar gidansa. Ba ya kiɗan biki, bai taɓa shiga situdiyo ba. Bayan la'asar yake wanke baƙin mai daga hannunsa, ya ɗora fiyanon a kan teburin guga, ya kunna. Matarsa, Inna Sauda, takan ce makaniki ta aura, ba ta san ranar da aka musanya mata shi da makaɗi ba.

Mahaifinsa, kakana marigayi Ummaru, makaɗin masunta ne a Argungu. Kawu bai gaji ganga ba. Amma shekara ashirin da suka wuce, da aka kawo tsohon jinya Birnin Kebbi, hannunsa ya daina iya ɗaukar ganga, sai Kawu ya ajiye masa fiyano a cinya, ya saita shi a kan sautin ganga. Tsohon ya yi dariya, ya sa yatsa biyu ya buga kiɗan da ake yi wa masunta idan sun shiga ruwa. Fiyanon ya naɗa. A daminar shekarar ya rasu, kuma ba a taɓa ɗaukar kiɗansa a wani wuri ba sai a cikin wannan akwati.

Akwatin kuwa ya fara gajiya. Allonsa ya dushe, wani lokaci sai an ɗan mare shi yake tashi. Ni na matsa wa Kawu mu je Nasarawa, shagon wani mai sayar da kayan sauti, Taufiq, wanda ke karɓar tsoho ya ba da sabo idan an yi ciko. Na ce za a kwashe kiɗan a zuba a sabon, hankalin kowa ya kwanta.

Taufiq yana sanye da baƙin gilashi a cikin shagon da ko taga babu. Ya dubi abin da muka sauke daga keke-napep, ya ce, "Baba, wannan ai gidan tarihi ya kamata ku kai shi."

Kawu ya ce, "Kai dai buɗe naka mu gani."

Sabon yana da kyau, ba zan ɓoye ba. Allonsa ana shafa shi kamar waya. Taufiq ya ce akwai sauti dubu da ɗari biyar a ciki, har da ƙarar jirgin sama da kukan kare, abubuwan da ban san wanda ya rasa su a Gwadangaji ba. Ya haɗa waya tsakanin fiyano biyun, ya kwashe kiɗan, ya danna.

Gangar ta fito tas, kowane bugu a mazauninsa kamar sojoji a fareti. Na gyaɗa kai, don a kunnena ta fi ta dā daɗi.

Kawu ya ce, "Ina ɗingishin?"

"Wane ɗingishi, Baba?"

"Bugu na huɗu. Shina jinkiri kaɗan kahin ya sauka. Ina ka kai shi?"

Taufiq ya washe baki, ya ce ai nan ne sabon ya nuna bajinta. Da kansa yake gyara kuskure, duk bugun da ya makara sai ya jawo shi ya tsayar a layi. "Wanda ya buga muku wannan bai iya riƙe lokaci ba, Baba. Ɗan koyo ne, ko?"

 Kawu bai ɗaga murya ba.

"Ɗan koyon ga shekara hamsin yay yi shina kiɗa bakin ruwa. Ka taɓa hawan gora?"

Taufiq ya ce shi ɗan unguwar Gesse ne, ko wanka a gulbi bai taɓa yi ba.

"Awo, shi yas sa. Masunci na kwance bisa gora, ya tura homa, wato taru, cikin ruwa. Homa ta jiƙe, ta yi nauyi, ba ta tasowa da sauri. Makaɗi shina jiran ta. Wurin da kac ce kuskure, nan ne tsohona ka jiran taru shi taso. Injin naka ya ɗauko mutane daga ruwa ya sa su fareti."

Taufiq ya ce watakila akwai inda ake kashe gyaran, ko da yake bai ga dalilin da mai hankali zai so a bar masa kuskure ba. Ya yi rabin awa yana shafa allo. Ya samo kukan kare sau biyu.

Kawu ya naɗe wayarsa, ya rungumi tsohon fiyanonsa kamar mai ɗauko mara lafiya daga asibiti, muka fito.

Don adalci, da muka koma na bincika, na gano lallai akwai wurin kashe gyaran, can ƙasan wani shafi na bakwai. Na je na faɗa wa Kawu, ina jin kamar na kawo bushara. Yana kwance kan tabarma yana kwance wa wani inji ciki, ko ɗagowa bai yi ba.

"Wato sai an roƙe shi kahin shi bar tsohona shi yi kiɗinai? Bar musu abinsu."

Ranar Juma'a ya tafi Argungu da fiyanon, ya kunna wa tsofaffin masunta biyu da suka rage cikin abokan mahaifinsa. Inna Sauda ta ce da aka zo bugu na huɗu, su biyun kafaɗarsu ta ɗan saki, sannan ta ɗaga tare.

Duk da haka wani maɓallin ya sake mutuwa a makon jiya, matattun sun zama huɗu. Na same shi bayan la'asar yana marin akwatin, na ce, "Kawu, to ranar da ya ƙi tashi gaba ɗaya fa?"

Ya turo mini kujera da ƙafa, ya kama yatsuna biyu ya ɗora a kan teburin guga.

"Kai da kat tai har Malesiya neman ilimi, teburin ga ne zai yi maka nisa? Buga. In ka zo na huɗu, ka jira taru."