Ƙyauren Rozlin

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma tun da na idar da sallar asuba nake juya shi a raina. Na rubuta na goge, na sake rubutawa, kafin na yarda in sa shi a nan. Ni ba mai yawan ba da labarin mafarki ba ce, na kuma san ba kowa ake faɗa wa ba. Amma wannan ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai. Ku yi haƙuri da tsawonsa.

Sai na fara gabatar muku da wata, in ba haka ba ba za ku gane ba. Bayan na gama bautar ƙasa ban samu aiki ba, sai na shiga ƙungiyar unguwarmu da ke taimaka wa waɗanda ambaliya ta rushe wa gidaje. Ta dalilin haka na yi wani ɗan kwas ta intanet a kan yadda al'umma ke tayar da kanta bayan bala'i. A nan na haɗu da Rozlin, 'yar ƙasar Haiti. Malamar firamare ce a wani ƙauye da ke kan dutse, kuma ita ke haɗa kan mutanen ƙauyen duk lokacin da guguwa ko girgizar ƙasa ta yi musu ɓarna. Turancinta bai nuna ba, nawa ma ba na a zo a gani ba ne, amma muna fahimtar juna. Ba ta iya cewa Hauwa, sai Awa. Ita ta gaya mini su ma suna da gayya irin tamu, har da mai ba da waƙa da masu amshi, kombit suke ce mata. Da na ce mata mu ma haka muke yi a gona, ta yi ta dariya, ta ce ashe kakanninmu maƙwabta ne.

Wajen wata guda ke nan aka yi ruwa da iska mai ƙarfi a yankinsu, ƙasa ta zaftare a wasu ƙauyuka. Tun daga ranar saƙonnina ba sa shiga. Ba ina cewa wani abu ya same ta ba ne. Ta sha gaya mini wuta da sabis sukan ɗauke musu na tsawon lokaci. Abin da na sani kawai nake faɗa.

A mafarkin, na tsinci kaina a kan wani tudu mai jar ƙasa, rana tsaka, ga teku can ƙasa. Ban taɓa ganin teku ido da ido ba, amma na san shi ne. Na kuma san a Haiti nake ba tare da kowa ya faɗa mini ba, duk da cewa bishiyar da ke gefena darbejiyar ƙofar gidanmu ce, har da ƙusar da muke ɗaura igiyar shanya. Gidajen duk sun kwanta. Ba irin rushewar namu ba, da katangar ƙasa kan jiƙa ta narke a hankali. Waɗannan kamar an danne su ne da tafin hannu daga sama. Kwanon rufi a lanƙwashe, bulo a farfashe, ayaba kwance da 'ya'yanta a cikin taɓo.

Sai kawai na ga mutane sun yi dogon layi daga cikin kangayen har zuwa saman tudun, suna miƙa wa juna duwatsu hannu da hannu. Ban ga lokacin da na shiga ba, na dai ji dutse a hannuna. Na karɓa daga hagu, na miƙa dama. Wadda ke damana kuwa Goggo Ladi ce, ƙanwar babana, wadda ruwa ya cinye wa ɗaki bara. Tana nan da ranta, jiya ma ta zo gidanmu aron rariya. Ta ci ɗamara da mayafinta, tana miƙa dutse tana mita.

Ta ce, "Hauwa'u, wace irin gayya ce wannan? Tun safe ko kunu ba a kawo ba. Wa ke da gayyar?"

Na ce, "Goggo, wallahi ban sani ba."

"Ba ki sani ba kika kwaso mu? Ke dai kullum ba ki sani ba, sai ka ce ba a kai ki makaranta ba."

Ta juya wajen wani dogon mutum da ke gabanta, mai hular kaba. "Bawan Allah, gidan wa ake yi?" Ya amsa mata da yarensu, ita kuma ta gyaɗa kai kamar ta ji. Ta ce da ni, "Wai na kowa ne. To in na kowa ne, wa zai dafa?"

Tambayar tata kuwa gaskiya ce. Mu ma a unguwarmu ita ta fi ba mu wahala. Gayya mutum ɗaya ake yi wa, shi ya ciyar da mutane, gobe a koma gonar wani. Amma in tukunyar kowa tana ƙarƙashin ƙasa, ban san yadda ake yi ba. Na taɓa yi wa Rozlin wannan tambayar. Ta ce su tukunya ɗaya suke ɗorawa a farfajiyar coci, kowa ya zuba abin da ya tsira da shi.

Daga nan sai na ji waƙa. Muryar na fara ji kafin in ga mai ita. Rozlin ce ke bayarwa, layin gaba ɗaya yana amsawa, har Goggo. Ni kaɗai ce ban san amshin ba, sai motsa baki nake yi. Tana tafe a gefen layin, ba a cikinsa ba, kuma ba ta ɗauke da komai. Ta fi yadda na zata tsawo, don ni daga kafaɗa zuwa sama na san ta. Ba takalmi a ƙafarta. Kowa ya yi butu-butu da jar laka, amma rigarta fara ce ƙal, kuma a bushe. Ban san ko wannan yana da wata ma'ana ba. Wataƙila babu. Na dai lura, kuma na ga bai kamata in ɓoye ba.

Na kira ta, ta wuce. Ina jin ba ta ji ba ne saboda waƙar.

Sai kawai abin da ake miƙowa ya daina zama dutse, ya koma ƙyauraye. Na katako, na langa-langa, wani da ragowar labule a jikinsa, wani da kwaɗonsa a kulle. Ana zaro su daga ƙarƙashin ƙasa suna biyo layi. A saman tudun akwai fili fetal, babu bango ko ɗaya. Duk wanda ƙyauren gidansa ya iso hannunsa sai ya fita daga layi, ya je ya kafa shi a filin, iyalinsa su zagaya bayansa su zauna kamar suna cikin ɗaki. Na ga wata mata tana share bayan nata. Na ga wani tsoho ya tuɓe takalmi kafin ya tura nasa ya shiga.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, duk da fili ne ta ko'ina, ba wanda ya kewaye ƙyauren wani. Sai mutum ya tsaya a gaba ya yi sallama. Rozlin ta taɓa koya mini irin sallamarsu ta ƙauye: baƙo ya tsaya a bakin gida ya ce "mutunci", mai gida ya amsa daga ciki da "girmamawa", sannan a shiga. Ita nake ta ji tana tashi daga ko'ina a filin, a kira a amsa, a kira a amsa.

Layin ya riƙa raguwa. Can sai Goggo ta buga salati. "Kai! Ga nawa! Har nan ruwan ya kawo shi?" Nata ne kuwa, na langa-langa mai facin gwangwani a ƙasa. Ta aza shi a ka ta yi gaba, ko waiwaye babu.

Na duba dama, ba kowa. Ni ce ƙarshen layi.

Sai aka miƙo na ƙarshe. Na katako ne, shuɗi, fentin ya fara ɓarewa, a ƙasansa yara sun yi rubutu da alli. Tun kafin ya iso na gane shi. Duk lokacin da muka yi magana ta bidiyo, shi Rozlin ke jingina da shi, don a bakin ƙofar ne kaɗai take samun sabis. Na karɓa, na juya in miƙa, na tuna babu wanda zan miƙa wa. Mutumin da ya ba ni ma ya ɓace.

Waƙar ta tsaya. Sai ga ta a gabana, kusa sosai. Da Hausa ta yi magana, Hausa tsantsa kamar ta Ummata.

Ta ce, "Awa, riƙe mini. Kar ki jingine shi, kar ki kwantar da shi. Ƙasar ba ta gama zama ba."

Na ce, "Ina kika shiga? Na yi ta aiko miki da saƙo."

Ta kalli ƙafafunta.

Na ce, "To sai yaushe?"

Ta ce, "Akwai sauran mutane a gangare." Ta juya ta tafi.

A nan ne nake son in yi taka-tsantsan, don ba na son in ƙara abin da ban gani ba. Na kasa tuna inda ta nufa. Wani lokaci in na rufe ido sai in ga ta gangara cikin kangayen, inda ake tono. Wani lokaci kuma sai in ga ta wuce su, ta miƙe hanyar teku. Na yi iya ƙoƙarina, ban tabbatar ba.

Na tsaya riƙe da ƙyauren. Yana da nauyi, iska kuma tana turo shi ta kaina. Ranar ba ta motsa daga inda take ba. Ƙasa tana ɗan rawa a ƙarƙashin ƙafata, ba sosai ba, kamar in babbar mota ta wuce ta bayan gida. Can na ji ƙamshin wake da shinkafa, ashe an samu wanda ya hura wuta. Mutane suka riƙa fitowa ta ƙyaurayensu, kowa ya ja nasa ya rufe, suna tafiya da kwanuka. Daga nesa Goggo ta ɗaga murya.

"Hauwa'u! Ajiye ki zo ki ci! Wa zai saci wannan tsohon katakon?"

Na ƙara ƙanƙame shi, don an ce kar in ajiye.

Sai kawai filin ya yi tsit, na ji an ƙwanƙwasa. Daga ɗaya gefen ne, ni kuma ina bayan ƙyauren, ba na ganin mai bugawa. Ta ƙasa na hango ƙafafu, na tsohuwa, duk sun tsattsage, laka ta bushe a kansu. Ban taɓa ganin mahaifiyar Rozlin ba ko a hoto, amma a mafarkin na san ita ce.

Ta ce, "Mutunci."

Na san amsar, kalma ɗaya ce. Amma mai gida ke faɗinta. Sai na ji a raina cewa in na amsa, to na zama mai gidan ke nan, wato mai shi ba za ta dawo ba. In kuma na yi shiru, na bar tsohuwa tsaye a rana a ƙofar 'yarta. Ta sake faɗa. Ta jira. Daga nan ba ta ƙara yin sallama ba, sai ta kira sunan 'yar a hankali, irin kiran da ake yi wa mai barci. Na buɗe baki, ban san me zan ce ba.

A haka na farka. Ana kiran salla, hannayena biyu sun sage har kafaɗa. Na san wataƙila kwanciya ce na yi a kansu. A sujada ban iya roƙa mata komai ba sai Allah ya kare ta a duk inda take.

Da gari ya waye na samu Umma a madafa tana dama koko, na ba ta labari. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba, abin da ba halinta ba ne.

Ta ce, "Ni dai abin da na taso na ji, in mai rai ya ba ki riƙo a mafarki, amana ce, zai dawo ya karɓi abinsa. In kuwa wanda ya riga mu ne, kyauta ce, ba a mayarwa."

Na ce, "Umma, to wanne ne?"

"Ni na san ta ne? Ke ba ki da lambar wani nata?"

Na ɗauki kofi na hau ɗauraye shi.

Ta ajiye ludayin ta dube ni. "Kina da ita ke nan."

Ina da ita. Ta yayanta ce, yana aikin gini a wata ƙasa. Ban kira ba. Kullum sai in ce da kaina kar in ɗaga wa bawan Allah hankali, ko kuma ba zai gane Turancina ba, ko lokacinmu da nasu ba ɗaya ba ne. Duk gaskiya ne, amma ba su ne dalilin ba. Muddin ban kira ba, Rozlin tana can a gangare tana aiki, sabis ne kawai babu.

Umma ta ce in kira yau kafin la'asar, ko ta sa a kira mini. Wayar tana gefena yanzu da nake wannan rubutun.

Don Allah, masu sanin fassarar mafarki a cikinku, ku taimake ni kafin lokacin, ko da abin da za ku faɗa ba mai daɗi ba ne. Riƙo ta ba ni, ko bar mini ta yi? Kuma tsohuwar nan da na bari tsaye a bayan ƙyaure, me ya kamata in ce mata?