Goyon Tukunya a Dutsen Kara

Yayata ta haihu a Hada, can kan duwatsun Ɗa'if, tun kafin lokacin da muka zata. Da ma shirin shi ne ta sauko Makka goyon ciki, ta haihu a ɗakin Inna a unguwarmu Misfala, tunda haihuwar fari ce. Jaririyar ba ta jira ba. Wani mai kawo ruwan wardi kasuwa ne ya tsaya a ƙofar gidanmu da saƙon mijinta, wanda ke ban ruwa a wani lambu a can: an sauka lafiya, an sami mace, amma maijego ba ta fara wanka ba. Babu Bahaushiya ko ɗaya a wurin. Tukunyar ɗakinsu ta dafa shinkafar mutum biyu ce, manyan tukwanen garin kuwa duk suna kan wuta ana tatsar wardi, ba mai ba da aro a irin wannan lokaci.

Inna ta dafe kai. A wurinta macen da ta haihu ba ta yi wankan jego ba ɗanya ce, kumburi zai kama ta, sanyi ya shige ta har abada. Ni dai na yi makarantar midil a garin Madani kafin mu ƙetaro teku, kuma malamarmu ta kiwon lafiya ba ta taɓa cewa haka ba. Amma na san Yaya. Idan ta yarda za ta kumbura, to za ta kumbura. Tana can kwance tana latsa ƙafarta tana kuka, ba mai jin yarenta sai miji.

Inna ba ta iya hawa ko da tudun bayan gidanmu, gwiwoyinta sun ƙi. Ta jawo babbar tukunyarta ta tagulla daga ƙarƙashin gado, wadda ta yi jegonmu duka da ita, ta zauna tana kallonta. Sai ga Kawu, ƙanenta, ya shigo.

"Ni zan kai kanwa da gero," in ji shi. "Tukunya kam sai dai ta jira. An yi ruwa a dutsen Kara, hanya ta ɓaci."

Na ce, "Wa zai yi mata wankan? Kai?"

"Ke 'yar boko, da manya ake magana."

"To manyan su faɗa min wa zai yi."

Na ɗauki tukunyar na zuba garin gero da kanwa da yaji a ciki, na ɗaure bakinta da tsumma. Kawu ya yi ta faɗa, wai Kara ba dutsen mata ba ne, wai alfadarai ma faɗowa suke. Na ce ai ni ba alfadari ba ce. Inna ta yi kamar za ta tsawata min, sai ta miƙo min gammonta.

Akwai hanyar mota zuwa Ɗa'if, amma doguwa ce, zagaye take yi, kuma daga Ɗa'if sai ka sake neman abin hawa zuwa Hada. Talaka Kara yake bi. Wata tsohuwar lori ta kai mu ta Arfa har gindin dutsen, inda masu jakuna ke jiran matafiya a wata rumfar gahawa. Na ɗaga kai ban ga ƙarshensa ba, gajimare ya yanke shi. Larabawa na kiran wannan lokaci rabi'i. Mu bazara muke ce masa don rashin wani suna, amma bazarar Makka ta gumi ce da ƙishi. A nan iska mai sanyi ce ke saukowa tana ɗaga min mayafi, kuma tsakanin duwatsu ciyawa ta fito shar.

Mai jakunan da Kawu ya sani, wani siririn Balarabe mai jan gemu, ya ƙwanƙwasa tukunyar da sanda ya girgiza kai. Ya ce ba za ta hau jakinsa ba. Faɗinta ya fi hanyar a wasu wurare, in ta bugi dutse ta yi ƙara jaki zai firgita ya tafi ƙasa da ita da kansa.

Kawu ya juyo da murna a fuskarsa. "Kin ji ko? Mu bar ta a gahawa."

Na naɗa gammo na ɗora ta a ka. Mai jakuna ya yi dariya har ya dafa cikinsa, ya kira ni da sunan da Larabawa ke kiran mutanenmu baƙar fata. "Ya Takruniyya, nan ba kasuwa ba ce!"

Na ce masa da Larabcinsa, "Yalla, ka kula da jakinka."

Da farko ni ce a gaba. Hanyar ta duwatsu ce da aka jera kamar matakala, tana lanƙwasa dama da hagu, kuma tun ina ƙarama nake ɗaukar ruwa a ka. Na wuce wasu Yamalawa suna haki. Birai sun zauna a kan duwatsu suna kallonmu kamar dattawan unguwa. Wani babba ya biyo ni yana shinshina, ya ji ƙanshin yaji, na zare ƙafa daga takalmi na ɗauki dutse da yatsun ƙafa na miƙa wa hannuna na jefe shi ba tare da na sauke kaya ba. Na ga Kawu ya gani.

Da muka yi sama sai dutsen ya canza hali. Ruwan da aka yi ya bar laka a kan matakalar, gansakuka ta yi kore a gefe, ruwa na tsiyaya ta tsakiyar hanya. Takalmina na makaranta, wanda nake taƙama da shi, ya fara zamewa. Na cire shi na rataya a wuya. Sanyin dutsen ya cije min tafin ƙafa. Sai gajimaren nan ya sauko ya lulluɓe mu, jakin da ke gabana ma sai wutsiyarsa nake gani. Can sai ƙanƙara. Ban taɓa ganin ta ba sai a littafi. Tana dukan tukunyar tana kan-kan-kan a tsakiyar kaina, jakuna suka fara tirjiya, mai su yana zagi.

Muka iso inda ruwa ya cinye hanyar. Matakala kusan tsawon ɗaki ta zube, sai dutse sumul a karkace, da wani siririn tsagi da za ka sa yatsu. A hagu babu komai sai farin gajimare, kuma a ƙarƙashinsa ana jin ruwa yana gudu da ƙarfi. Mai jakuna ya sauke kaya, ya ja dabbobinsa ɗaya ɗaya, yana yi musu magana a kunne. Mutane suka bi da rarrafe.

Mai kaya a ka ba ya kallon ƙafarsa, ba ya rarrafe. Na tsaya.

Kawu ya sassauta murya. "'Yar nan, ajiye ta a nan. Zan gaya wa innarki birai ne suka tura ta. Ba wanda zai ga laifinki."

"In na ajiye ta me na zo yi?"

"Kin zo ki koma da ranki! Ni zan amsa tambaya in kin faɗa."

"To riƙe min."

Na miƙa masa tukunyar, na kwance zanen da na ɗaura a kan rigata, na sunkuya. "Ɗora min a baya."

"Me?"

"Goya ta zan yi, Kawu. Ɗora."

Ya ɗora yana salati. Na ja zanen na ɗaure a ƙirji, na yi majanyi da mayafina, na yi tsalle kaɗan na ji ta zauna. Kaina a buɗe gaban maza, ban damu ba, su ma ba su da idon kallo. Na durƙusa na sa yatsu a tsagin. Tagullar ta danne min ƙashin baya, gwiwata ta goge ta yi jini. A tsakiya ƙafata ɗaya ta zame, na ji tukunyar ta ja ni hagu, na kwanta da ciki na manne da dutsen kamar ƙadangare har ta daina rawa. Kawu yana bayana yana karanta duk abin da ya haddace. Na ja jiki, na sake ja, sai na ji hannu ya kama wuyan rigata. Mai jan gemu ne.

"Mabruk," in ji shi, kamar mai yi wa maijego barka. "Namiji ne ko mace?"

Na ce, "Mace ce, kuma ta fi jakinka hankali."

Ban sake sauke ta ba har kan dutsen. Kawu ya yi ta tsokana, wai zai kai labari Misfala cewa na yi goyo ba aure. Na ce ya kai, ya haɗa da cewa shi ko buhun gawayi bai ɗauka ba.

Hada duk ƙanshin wardi take, har ya hau kai. Mijin Yaya ya hango mu daga lambu ya sheƙo. Ban tsaya gaisuwa ba, na ce ya nuna min ɗaki, ya kawo itace da ruwa, ya tsinko ganyen magarya. Yaya tana kwance cikin bargo, fuskarta ta yi fari. Ta dube ni, ta dubi abin da ke bayana, ta gane tukunyar Inna tun kafin in kwance. Ta fara dariya, dariyar ta koma kuka.

"Ke kaɗai? Ina Inna?"

"Inna tana Misfala. Tashi, ba hira na zo ba."

Na kafa duwatsu uku a bayan ɗaki na hura wuta. Da ruwa ya tafasa na kewaye wurin da tabarma, na zaunar da ita, na tsoma ganye na fara fyaɗa mata yadda na ga Inna na yi. Ta yi ihu. Matan maƙwabta suka fito a guje, wata tsohuwa ta leƙo ta saman tabarma ta ga tururi ta dafe ƙirji.

"Haram alaiki ya binti! Dafa ta za ki yi?"

Na ce, "E, Hajja. Daga Makka na goyo tukunyar."

Yaya ta share fuska, ta juyo min da ɗaya kafaɗar. "Nan ma," in ji ta. "Ƙara zafi."