Mutumin da Suka Ce Yana Tatsar Zufa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shan koko wayata ta yi ƙara. Rifkatu ce, tana kuka, wai babansu ya rasu. Baba Yohanna ya tafi.

Na ajiye kofin, har yanzu ban koma kansa ba.

Yawancinku ba ku san shi ba. Waɗanda suka san shi kuma da mummunan suna suka san shi. To yau sai na yi magana, wanda zai ji haushi ya ji.

Ina yarinya, lokacin da ake ta shirin samun 'yancin kai, na faɗo daga kan ganuwa wajen Ƙofar Wambai garin ƙiriniya. Ƙafar dama ta karye. Aka yi ɗori, ƙashi ya kama, amma gwiwa ta sandare, ta ƙi lanƙwasa ko kaɗan.

Baba Yohanna ɗan haya ne a layinmu, mutumin kudancin Bauchi, yana aikin jinya a asibiti. A can ya ga wata jar fitila da ake haska wa masu ciwon gaɓoɓi, zafinta ya ratsa jiki, jijiya ta saki. Mu kuwa unguwarmu ina muka ga lantarki? Sai ya gina ɗan ɗakin ƙasa a bayan gida, yana hura garwashi ta waje har bangon ya ɗauki zafi.

Ba sirace ba ne. Babu tururi, babu hayaƙi. Ka zauna kawai, ɗumin bango ya shige ka, zufa ta yi ta zuba.

Masu sanyin ƙashi suka fara zuwa, da masu ciwon baya, da tsofaffin da barci ya guje wa. Bai taɓa cewa yana warkar da komai ba. Mai ciki ba ta shiga, mai ciwon zuciya ba ya shiga, kuma sai ka sha ruwa a gabansa kafin ya buɗe maka ƙofa. Mata kuwa matarsa Mama Saratu ce ke shiga da su.

Shi ya tsayar da Innata a hanya ya ce, "Inna, ki kawo mini yarinyar nan kafin gwiwar ta manta aikinta."

In na fito jiƙe sharkaf, sai ya riƙe ƙafar yana lanƙwasa ta a hankali. Ina ihu, yana ba ni labarin ƙauyensu. In an gama ya ciro alewa daga aljihu ya ce ladan jarumta ne.

Wallahi gwiwar ta fara saki. Ranar da na zauna a kan kujera 'yar tsugunne da kaina, Inna sai da ta yi guɗa.

Sai ga zaɓe ya matso.

Akwai wani saurayi a layin, ɗan kanzagin wata jam'iyya. Yau Alhaji ne babba, don haka bari in kira shi Alhaji. Shi ma ya shiga ɗakin nan. Da idona na gan shi ya zo a dunƙule saboda ciwon baya, bayan 'yan makonni yana hawan keke yana fito.

Ya ce wa Baba ya riƙa gaya wa marasa lafiya wanda za su zaɓa. Baba ya ce shi gwiwa da ƙugu ya sani, bai san ƙuri'a ba.

Shi ke nan laifinsa.

Baba dai kan tara tsummokin da muka goge jiki, ya dafa su a tukunya don kada wani ya ɗauki cutar wani. Alhaji ya bi zaure zaure yana rantsuwa wai ya ga Baba yana matse zufarmu a kwalba, yana kai wa 'yan ɗaya jam'iyyar a yi asiri a juya hankalin unguwa. Kun dai san mu da tsoron a ɗauki gashinmu ko farcenmu, balle zufa. Ga shi baƙo, ga shi ba addininmu ɗaya ba. Wa zai tsaya bincike?

Da rana tsaka samari suka zo da tabarya da gatari. Alhaji ne a gaba. Suka rushe ɗakin, suka fasa tukunyar, Mama Saratu na tsaye da goyo tana kallo.

A asibiti ma mutane suka daina yarda ya taɓa su. Ya bar aikin, ya kwashe iyalinsa ya koma Yelwa, ya koyi kafinta. Sunan kuma ya bi shi: Mai Tatsar Zufa. Rifkatu, 'yarsa ta fari, da shi aka yi ta tsokanarta a makaranta. Ko bara wani ɗan keke ya kira jikan Baba da shi, bai ma san mafarin zancen ba.

Ni kuma gwiwata ta koma ta ƙage. Da na girma likita ya duba ya ce lokacin gyara ya wuce.

Tun daga nan ban ƙara yin sujada kamar kowa ba. Na yi aure, na haihu, na koyar har na yi ritaya, na je Makka, duk a zaune nake salla, ƙafa miƙe kamar muciya. Duk sallar da na yi sai na tuna Alhaji. Ku ƙirga da kanku.

Yanzu ku ji abin takaici. Kwanan baya jikata ta nuna mini bidiyo a waya. Ga Alhaji, tsufa ya kama shi, sanyin ƙashi ya naɗe shi, 'ya'yansa sun kai shi wani sabon wuri, ɗakin katako mai jar fitila, wai infrared. Yana zaune yana zufa yana yabo: jini na gudana, gaɓoɓi sun saki, barci har da minshari. Wai fasahar zamani!

Na ce mene ne sunan abin? Ta ce sauna. Na ce madalla, sunan ya dace da na ciki.

Ganina na ƙarshe da Baba da azumin da ya wuce ne. Na same shi a ƙofar gida yana shan hantsi, ido ya tafi, amma ya gane takun sandata. Bai tambayi 'ya'ya ba, bai tambayi gida ba. Cewa ya yi, "Yarinya, yaya gwiwar?"

Na ba shi labarin bidiyon ina huci. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "To ai ya ji daɗi. Ki gaya musu su riƙa ba shi ruwa kafin ya shiga." Can ya ce, "Ni na yafe masa tuntuni. Sunan ne dai ba na so in bar wa yara."

Shi ya yafe nasa. Ni ban yafe nawa ba, kuma mai shirin yi mini wa'azi a comment ya riƙe abinsa.

Ranar Asabar za a binne Baba a Yelwa. 'Ya'yan Alhaji, na san kuna karanta wannan, biyu daga cikinku ni na koya wa karatu. Ku ɗauko babanku, ko a keken guragu ne, ku kawo shi gaban jama'a ya faɗa da bakinsa cewa ƙarya ya yi, babu kwalba, babu asiri. Ba ma son buhun shinkafa, ba ma son ambulan ɗin kuɗi. In aka rufe kabarin nan bai faɗa ba, na rantse zan rubuta sunansa da na ubansa da layinsu a nan, kowa ya gani.

Ya Allah, ka saka wa bawan nan naka da alherin da ya yi mana. Ka ba Rifkatu da ƙannenta haƙuri, ka wanke musu sunan ubansu. Ka bi mini hakkina.

Don Allah duk wanda ya karanta, Musulmi ko Kirista, ya sa Baba Yohanna da iyalinsa a addu'a.

Alhaji ma ku yi masa. Ku roƙi Allah ya bar shi da ransa, da hankalinsa, da bakinsa, har Asabar.