Tiyon Birkin Jabu Ya Kai Ni Gidan Yari

Ni bakanike ne a unguwar Rikkos da ke Jos, kuma kafin in lalace an san ni da gaskiya. Idan mota ba ta da matsala nakan ce wa mai ita ya ɗauki abarsa ya tafi. Abin da nake samu yana ci da ni da matata da 'ya'yanmu biyu.

A shekarun da wayar salula ta fara yawa a Jos, 'ya'yan masu hali suka shiga yayin tseren mota. Su kawo a ƙara wa inji ƙarfi, a sa manyan tayoyi, a canza tiyon birki, wato robar da man birki ke bi zuwa ƙafafun mota. Mai saƙar waya suke so, don shi ke jure gudu da zafi.

Wata rana wani dillalin kayan gyara ya nuna mini irinsa na jabu. Waje yana sheƙi, cikinsa kuwa ruɓaɓɓiyar roba ce.

“Oga, ko kai sai ka yanka za ka gane,” in ji shi.

Na karɓi guda biyu kawai, wai gwaji. Ban ji wani ya dawo da ƙara ba, sai na ƙaro. Daga nan na fara tsintar kwalayen na asali ina zuba jabun a ciki. Tun zuciyata tana hana ni barci har ta daina.

Nasiru ɗan wani mai sayar da katako ne a kasuwar Katako, saura wata ɗaya bikinsa. Ranar da na gama masa aiki ya juya kwalin a hannunsa ya ce, “Baba, wannan na asali ne ko? Ka san ina taka mota.”

Na ce, “Wallahi na asali ne. Je ka hankalinka kwance.”

Ba a yi mako biyu ba, yana saukowa wata gangara a hanyar Bauchi da rana tsaka, ya taka birki, ƙafarsa ta nutse har ƙasa. Tiyon ya fashe. Motar ta kwashe wata mata mai sayar da dankali a bakin titi, sunanta Kaneng, nan take ta rasu. Nasiru ya rayu, amma bai ƙara takawa ba.

A kotu aka yanka tiyon a gabana. Sai ga wasu masu motoci uku sun kawo nasu, duk aikina ne. Alƙali ya ɗaure ni shekara biyar. Ina ciki mahaifiyata ta rasu, ban ga gawarta ba.

Da na fito na je gidan su Nasiru. Na same shi a keken guragu, an fasa auren tuntuni. Na durƙusa ina roƙonsa gafara.

Ya ce, “Nawa na yafe, Baba. Amma matar nan 'ya'ya huɗu ta bari. Su za ka nema.”

Na neme su a ƙauyensu. Babbar 'yarta ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta tashi ta shige ɗaki abinta. Ban ga laifinta ba.

Yanzu facin taya nake yi a unguwar Ali Kazaure, ina roƙon Allah gafara. Samari masu koyon sana'a, ku ji daga bakin wanda ya ɗanɗana. Ban taɓa riƙe wuƙa ba, amma na kashe rai. Duk wanda ya miƙa muku makullin motarsa, ransa ya miƙa muku da na mutanen da ke bakin hanya. Idan aka kawo muku na jabu, ku ƙi tun guda biyun farko.