Ranar Da Muka Damƙa Wa Ƙanina Wuƙa A Kwata

Assalamu alaikum. A shekarun da zan ba ku labarinsu, ni mahauci ne mai ji da kaina a Garwa. Teburina a kasuwa gado ne, kuma tun ban iya ɗaura wando da kyau ba nake riƙe ƙafar akuya ana fiɗa. Ina da saurin fushi, ina da baki, kuma a ganina duk ciwon da bai kumbura ba, bai fitar da jini ba, lalaci ne kawai. Idan wani ya ce mini zuciyarsa ba daɗi, sai in ce ya zo kwata da sassafe ya saɓa cinyar sa a kafaɗa, mu ga ko zai sake tunawa yana da zuciya. Mutane suna dariya idan na faɗa, ni kuma ina jin daɗin dariyar.

Mu biyu ne maza a ɗakinmu. Ƙanina ya yi makarantar boko, ya ƙi wuƙa ya shiga soja, muka yi ta tsokanarsa cewa ya gudu daga warin tumbi. Da rikicin can arewa ya yi tsanani aka tura su bakin iyaka, ya daɗe a can. Wata rana motarsu ta taka nakiya. Ya rayu, amma da ɗingishi da kunne ɗaya da ba ya ji, aka sallame shi daga aiki ya dawo gida. Innarmu ta yi ta godiya ga Allah, ni ma haka, don na ɗauka wanda ya tafi shi ne ya dawo. Ashe ba haka ba ne. Mutumin da da yake cika gida da surutu ya koma zama a lungu, bayansa a jikin bango, idonsa a ƙofa. Idan tayar mota ta fashe a titi sai ka gan shi a ƙasa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne nama. Ya daina ci kwata-kwata, kuma idan na shigo da kayan aiki a jikina sai ya tashi ya fita yana toshe hanci. A gidan mahauta fa! Abokan aikina suka samu abin yi, kullum sai an tambaye ni ya jikin sojanmu mai tsoron jini. Ina mayar musu da baƙar magana, amma abin yana dafa ni.

An yi addu'a, an yi rubutu ya sha. Likitan da ke duba ƙafarsa ya ce mana ciwon da ya rage ba na ƙafa ba ne, yana bukatar ganin masanin halayyar ɗan Adam, wanda suke kira sikolog, amma sai mun jira layi domin ba su da yawa. Jira kuwa ba halina ba ne. Ana cikin haka wani dillalin shanu da ke kawo mana kaya daga Kuseri ya ba ni labarin wani mutum da ya buɗe ɗaki a bayan tasha nan Garwa. Ya ce dokta ake ce masa, ya yi aiki da nasara a sansanin 'yan gudun hijira, kuma ba irin haukan da bai gani ba. Na je na same shi. Kwat da wando, fanka tana juyawa, Faransanci yana zuba kamar ruwan famfo, ga Fulatanci da Hausa duk a bakinsa. Ya saurare ni, ya girgiza kai, ya ce wannan ƙaramin aiki ne, kafin watan gobe ƙanina zai ci balangu da hannunsa. Abin da nake so in ji ke nan, shi ya sa ban tambaye shi komai ba.

Da farko kamar abin zai yi. Ƙanina ya yarda yana zuwa, kuma da yake ya daɗe bai samu wanda zai zauna ya saurare shi ba, sai ya saki jiki. Mutumin yana ba shi wasu ƙwayoyi da ke sa shi barci. Wata rana da la'asar doktan ya zo teburina, muna shan shayi da Baffanmu, ƙanin mahaifinmu, ya kwashe duk abin da yaron ya faɗa masa ya zazzage mana. Ya ce bayan nakiyar ta tashi, ƙanina ya rungume wani abokinsa da ƙarfe ya yanke wa wuya, yana kakari a jikinsa har ya cika, kuma wannan ƙarar ce take bin sa har yau. Na ji tausayi, amma ko kaɗan bai zo mini a rai ba cewa bai kamata in ji maganar nan daga bakin wani ba. Daga nan ya kawo maganinsa. Ya ce a ƙasashen nasara, wanda yake tsoron abu, abin ake tura shi ciki gaba ɗaya, tsoron ya karye a take. Tunda mu mahauta ne, Allah ya kawo mana sauƙi: a kai shi kwata ba tare da an gaya masa ba, a kayar da sa, a ba shi wuƙa ya yanka. Baffa ya buga cinya ya ce wallahi abin da yake faɗa ke nan tuntuni, jinin gida ne zai tashi. Ni ma na ce haka ne.

Ranar na ce wa ƙanina ya raka ni Figil mu duba wani aiki na gadi da aka yi masa hanya. Ya yi murna har ya sa sabuwar riga. Ya hau bayan babur ɗina, muka kama hanya. Da na karya kwana na bar titin Marwa da ke kai mutum Figil, na ji hannunsa ya ƙara matse kafaɗata. Ya tambaye ni ina za mu, na ce zan karɓi saƙo ne kawai. Tun daga nesa warin ya tare mu. Ya ce zai jira a waje, ni da Baffa da ke jiranmu a bakin ƙofa muka riƙe hannayensa muna wasa da dariya, muka shigar da shi. Yana turjewa, na yi kamar ban gani ba. An riga an kayar da bajimin, an ɗaure ƙafafunsa, an juya wuyansa gabas. Abokan aiki suka bar abin da suke yi suka zagaye mu don kallo. Baffa ya damƙa masa wuƙar babanmu, ya ce ya yi bisimilla. Doktan kuma ya tsaya a bayansa yana daka masa tsawa da Faransanci, irin yadda ake yi wa kurtu. Da ya ga bai motsa ba, sai ya ɗaga murya da Hausa, kowa yana ji, ya ce ya tuna abokinsa da ya mutu a hannunsa, ya dubi wuyan san nan ya fuskanci abin da yake gudu. A daidai lokacin, can gefe, wani da bai san abin da ake ciki ba ya yanka nasa san, kakarin ya cika wurin.

Ban taɓa ganin fuska ta canja haka ba. Ƙanina ya fizge, ya ja da baya har ya haɗu da bango, ya durƙusa, wuƙar a gabansa. Idonsa a buɗe, amma ba mu yake gani ba. Yana kiran sunayen mutanen da ba mu sani ba, yana cewa da Faransanci an kewaye su, a turo taimako. Sai a lokacin na dubi wurin da idonsa. Maza majiya ƙarfi sun yi masa zobe, kowanne riga jina-jina, kowanne da wuƙa ko gatari a hannu, domin mahauci a kwata ba ya ajiye wuƙarsa, ba ya ma sanin tana hannunsa. Wani ya matso da niyyar kama shi, ya kai masa sara, da ƙyar ya tsira. Na waiga neman doktan, na hango shi ya laɓe bayan wani ginshiƙi yana cewa a bar shi, maganin ne yake aiki. Wani daga baya ya ce a kira jandarma. Na san idan masu bindiga suka shigo, gawa za mu ɗauka. Kafin in buɗe baki, ƙanina ya juya wuƙar ya ɗora ta a kan wuyansa, ya ce ba za su kama shi da rai ba. Ni na wasa wuƙar nan da hannuna a safiyar, na san ko numfashi mai ƙarfi ya yi za ta shiga.

Ban san inda dabarar ta fito ba, Allah ne kawai. Na roƙi jama'a, murya ƙasa-ƙasa, kowa ya sa wuƙarsa a bayansa ya fita ɗaya bayan ɗaya, kada a yi gudu, kada a kira kowa. Baffa ya so ya yi magana, na harare shi irin hararar da ban taɓa yi wa babba ba, ya fita. Na tuɓe rigar aikina na jefar, na zauna a cikin ruwan jinin nan nesa da shi, na buɗe tafukana. Na kira shi da sunan da Inna take kiransa tun yana goye. Na ce masa nan Garwa ce, Inna tana gida ta dama kunu, ni ne Yaya. Na yi ta maimaitawa har muryata ta dushe. Jini ya fara tsattsafowa a ƙarƙashin kaifin, ina kallo, ba halin in motsa. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. A hankali idonsa ya dawo, ya dube ni, ya dubi san da ke ɗaure, ya sauke hannu, wuƙar ta faɗi. Bai yi kuka ba, bai zage ni ba. Tambaya ɗaya ya yi mini, wa ya gaya wa mutanen nan maganar abokinsa.

A asibiti aka ɗinke wuyan, aka kwantar da shi, kuma a nan muka haɗu da sikolog ɗin da na ƙi jira, wata mace mai magana a hankali. Da na gama ba ta labari ta tambaye ni ina mutumin ya yi karatu, wa ya koya masa aiki, wane asibiti ya san da shi. Ko ɗaya ban iya amsawa ba. Ta ce ita sai da ta yi digiri na farko a fannin, kuma wannan kaɗai ba ya ba mutum damar zama da majinyaci. Ta ƙara digiri na biyu a ɓangaren jinya, ta yi koyon aiki a asibiti a ƙarƙashin babba da ke duba duk abin da ta yi, sannan ta samu horo na musamman a kan waɗanda suka fito daga yaƙi, kuma har yau tana da na gaba da take kai wa shawara. Ta ce ko ƙwaya ɗaya ba ta rubutawa, wannan aikin likitan ƙwaƙwalwa ne. Ta ce hanyar da mutumin ya ji labarinta, ta sa majinyaci ya fuskanci abin da yake tsoro, akwai ta, amma kaɗan-kaɗan ake bi, da sanin majinyaci da yardarsa, bayan an koya masa yadda zai kwantar da kansa, kuma a ɗaki ake farawa da magana. Daga baya na so ta gaya mini abin da suke tattaunawa, tunda ni ne babba. Ta ce amana ce, ko Inna ba za ta gaya wa ba. Na ji haushi, sannan na ji kunya.

Doktan bayan tasha, ashe tafinta ne a sansanin, ya zauna bita ta 'yan kwanaki, ya tsinci kalmomi. Ya zo gida ya ba da haƙuri yana hawaye, ya rantse taimako ya yi nufi, kuma na yarda. Na so in kama shi da duka, amma na tuna wanda ya tuƙa babur ɗin. Ni da ba na sayen sa sai na buɗe bakinsa na duba haƙora, na tambayi rugar da ya fito, na miƙa ɗan'uwana ga mutum don kawai ya sa kwat.

Don haka ina kira ga duk wanda yake da tsohon soja a gida, ko wani da ya ga abin da ido bai kamata ya gani ba. Ciwon nan gaskiya ne, ba ragwantaka ba ce, kuma tsawa ba ta warkar da shi. Kafin ku ba kowa amanarsa, ku cire kunya ku tambaya: ina ya yi karatu, a ƙarƙashin wa ya koyi aiki, ya taɓa jinyar waɗanda suka yi yaƙi? Mai ilimin gaskiya ba ya jin haushin tambaya. Wanda ya yi muku alkawarin waraka kafin wata ya kama, ko ya kawo muku sirrin majinyaci, ko ya ce a yi wa mara lafiya dabara a ɓoye, ku tashi ku bar masa ɗakinsa. Ku jira layin asibiti komai tsawonsa.

Ƙanina ya samu sauƙi, alhamdu lillahi. Garwa ce ya kasa zama, domin duk kwata ta san abin da ya ɓoye. Yana Tignère wajen dangin Inna, yana noma, ya ce ya yafe mini, kuma na san ba ƙarya yake ba. Kwanan baya na kai masa ziyara. Da azahar ta yi na ce ya tashi mu je masallaci. Ya miƙe, ya sa takalmi, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, ya ce, “Yaya, masallacin ne da gaske?”